Ƙanena mai shirin zuwa Virginia karatun tarihi, ga amsarka

Salamu alaikum ƙanena, na ga saƙonka tun Laraba, aiki ne ya sha kaina sai yau na samu zama. Ka ce ka samu admishan na mastas a tarihi nan jihar Virginia ta Amurka, kana so ka yi rubutunka kan manyan gidajen zamanin da, irin su Washington da Jefferson, tsofaffin shugabannin Amurka, yadda suka tara dukiya suka bar wa jikoki, sannan ka ce sukolashif ɗin rabi ne kawai, kawu ya ce zai sa hannu a banki ya tsaya maka a ba ka rancen ragowar. Wallahi na yi murna, Allah ya sa albarka. Amma tambayar taka tana buƙatar gyara tun kafin ka hau jirgi, don da yawansu abin da suka bar wa jikoki bashi ne.

Duk baƙon da ya zo mini daga gida sai na kai shi Monticello, gidan Jefferson da ke kan tudu kusa da Charlottesville, kuma kowa in ya ga ginin sai ya ce kai wannan mutum ya ji kuɗi. To mutumin nan ranar da ya mutu, 4 ga Yuli 1826, ana bin sa bashin da ya haura dala 100,000, kuɗin wancan zamanin fa.

Ka fara gane yadda harkar take. Taba suke nomawa, ko in ce bayinsu ke noma musu, a loda ta a jirgin ruwa a aika wa wani ɗan kasuwa a Landan ko Bristol, shi zai sayar ya cire la'adarsa da kuɗin jirgi da haraji, sannan maigidan ya rubuta masa jerin kayan da yake so, yadi, giya, keken doki, kayan ɗaki, littattafai, har takalman yara, a aiko masa a rubuta a asusunsa, in taba ta yi kuɗi shi ke nan, in ta faɗi sai bashi ya hau kan na bara da kuɗin ruwa a kai, kuma ba wanda zai rage cin daɗi don kar maƙwabta su ce ya karye. Jefferson da kansa ya rubuta cewa bashin ya zama abin gado daga uba zuwa ɗa, har manoman suka zama kamar kayan wasu kamfanonin Landan.

Aure kuwa shi ne babbar hanyar da dukiya ke bi. A dokarsu ta lokacin mace in ta yi aure abin hannunta yana komawa ƙarƙashin ikon miji, ba irin namu ba da shari'a ta bar wa mace dukiyarta. Surukin Jefferson, John Wayles, ya mutu a 1773, ta hannun 'yarsa Martha, wato matar Jefferson, sai Jefferson ya samu eka wajen 11,000 da bayi 135, amma tare da kasonsa na bashin da 'yan kasuwar Ingila ke bin mamacin. Ya sayar da filaye don ya biya, sai yaƙin neman 'yanci ya zo, waɗanda suka sayi filayen suka biya shi da kuɗin takarda da darajarsu ta zube, su kuma Turawan Ingila bayan sulhun 1783 suka ce fam ɗinsu suke so cif. Fili ya tafi, bashi na nan. A cikin bayin da ya gada akwai wata yarinya Sally Hemings, wadda masana suka tafi a kan cewa 'yar Wayles ɗin ce, wato ƙanwar matarsa uba ɗaya, kuma ita ce daga baya ta haifa wa Jefferson 'ya'ya. Dokar Virginia ta 1662 ta ce ɗa matsayin uwarsa yake bi, don haka mutum zai iya rubuta ɗan cikinsa a jerin kayan gona. Wannan abu har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne, saboda maganar kawu. A 1818 wani aminin Jefferson, Wilson Cary Nicholas, tsohon gwamnan Virginia, ya roƙe shi ya sa masa hannu a takardar rancen banki na dala 20,000. Ba aboki kawai ba ne, 'yarsa Jane tana auren jikan Jefferson, ka ga surukuta ta shiga, kunya ba za ta bari ya ce a'a ba. Ya sa hannu. 1819 tattalin arziki ya rushe, Nicholas ya karye, shekara ta zagayo ya mutu, bashin da ruwansa ya dawo kan tsoho mai shekara saba'in da 'yan kai wanda dama tun 1815 ya riga ya sayar wa majalisar ƙasa da littattafansa sama da 6,000 a kan dala 23,950 don ya rage nauyi.

Wa ya biya? Janairun 1827 aka buga gwanjo a Monticello, takardar sanarwa ta ce bayi 130 za a sayar, tare da dabbobi da kayan ɗaki. Mutum biyar kacal ya 'yanta a wasiyyarsa. Ɗaya daga ciki maƙeri ne, Joseph Fossett, shi an ce ya 'yantu amma matarsa Edith mai dafa abincin gidan da 'ya'yansu an sa su a gwanjon, ɗansa Peter yana da shekara 11 aka sayar da shi. Uban ya yi shekaru yana bugun ƙarfe yana tara kuɗi yana fanso iyalinsa ɗaya bayan ɗaya, Peter bai samu kansa ba sai 1850. Gidan ma an sayar a 1831, jikan nan Thomas Jefferson Randolph shi ya ɗauki ragowar bashin ya yi ta biya har tsufansa.

Washington ya fi Jefferson iya lissafi, ya ga tarkon Landan da wuri ya bar taba ya koma alkama tun shekarun 1760. Amma shi ma aure ne ya ɗaga shi, a 1759 ya auri Martha Custis, bazawara mai 'ya'ya biyu da dukiyar mijinta na fari. Kashi ɗaya cikin uku na bayin Custis, wato mijin nata na fari, an ba ta ta amfana da su iya rayuwarta, ba nata ba ne ba na Washington ba, na magadan Custis ne. Shekara arba'in bayin ɓangarorin biyu suna auren juna suna haihuwa a Mount Vernon, gidan gonar Washington. A 1799 da ya mutu mutum 317 ne a wurin, 123 nasa, 153 na Custis, sauran haya. Ya yi wasiyya a 'yanta nasa, aka 'yanta su a farkon 1801, na Custis kuwa bayan mutuwar Martha a 1802 aka raba wa jikokinta huɗu, miji 'yantacce mata baiwa, kowa aka yi wani gari da shi. Akwai kuma Ona Judge, kuyangar Martha, da ta ji za a ba da ita kyautar aure ga wata jika sai ta gudu daga Philadelphia a 1796, har ta mutu ba ta koma ba.

Kuma in ka zo kar ka shiga aji kana nuna wa mutane yatsa kamar mu ba mu san abin ba, za a tambaye ka rinji, wato ƙauyukan bayi masu noma na sarakuna da attajirai, a ƙasar Kano da Zazzau, gara ka karanta ka zo da amsa ta gaskiya. Bambanci akwai, ɗan ƙwarƙwara a wajenmu ɗa ne yana gado har sarauta, amma wanda aka kamo aka kai gandu shi ma an raba shi da uwarsa. Kai da ka san ɓangarorin biyu kana da abin faɗa da ɗaliban nan ba su da shi.

Shawarata kan binciken, kar ka tsaya a wasiƙun siyasa, an tatse su. Ka bi littattafan lissafi, Jefferson yana rubuta kusan kowane kwabo da ya kashe, yana da littafin gona mai sunayen bayi da rabon abinci da bargo. Ka bi wasiyyoyi da takardun ƙididdigar gado na kotunan gundumomi, laburaren jiha da ke Richmond yana da su da yawa, a nan za ka ga sunan mutum da farashinsa a layi ɗaya da na doki. Ka fara koyon karanta rubutun hannu na ƙarni na 18 tun kana gida, da lissafin fam da sule da kwabo, zai rage maka wata guda na wahala.

Maganar rance kuwa ni ban goyi baya ba, kuma in ka yarda ni zan kira kawu da kaina in yi masa bayani cikin ladabi don kar ya ga kamar ka raina alherinsa. Bizar ɗalibi awa 20 a sati ta yarda ka yi aiki kuma a cikin makaranta, wannan kuɗin haya da abinci ma da ƙyar, balle ka aika gida a biya banki da ruwa, ga naira yadda take da dala, in abu ya cije gidan da 'ya'yansa ke kwana za a zo a kai. Ka rubuta wa shugaban sashen ka tambaya ko akwai gurbin mataimakin malami ko na bincike, irin wannan yakan ɗauke kuɗin makaranta har a ba ka ɗan albashi, in babu bana ka roƙi a ɗaga maka admishan ɗin zuwa baɗi, ka kuma nemi digiri na uku kai tsaye a wasu jami'o'in don a tarihi su suka fi zuwa da cikakken tallafi. Turo mini takardar da suka aiko maka ta WhatsApp in duba lambobin da kyau, ranar Asabar ba ni da aiki sai mu yi waya bayan la'asar ɗinku. Ka gaida Hajiya da su kawu.