Amsa ga mai tambaya a kan Kiki Bertens: sa'a ce ta kai ta lamba 4?

Assalamu alaikum. Ƙanina, na ga tambayarka. Ka ce ka ci karo da sunan Kiki Bertens 'yar ƙasar Holan, an rubuta ta taɓa zama ta 4 a duniya a tanis na mata, alhali ba ta taɓa cin ko ɗaya daga cikin manyan gasa huɗu ba, kuma ta ajiye raket tana da shekara 29. Shi ne kake tambaya ko dai sa'a ce kawai ta taka.

Na fi shekara ashirin ina buga tanis na motsa jini da yamma, na kuma bi wasannin matar nan daga 2016 har ranar da ta daina. A ganina ba sa'a ba ce. Hannunta ya kai na duk wadda ake ji da ita a lokacin. Abin da ya yi ta yi mata cikas shi ne zuciya, da zuciyar ta daidaita kuma sai jiki ya ƙi.

Sai ka fara sanin yadda ake jera 'yan wasa. Maki ake tarawa na mako 52 da suka wuce, duk makin da ya shekara sai ya zube. Wadda ta ci babbar gasa irin Wimbledon tana samun 2,000. A lokacin Bertens, gasar Madrid na ba da 1,000, ta Cincinnati 900, kuma ta ci dukansu biyu cikin wata tara. Ba a hawa wannan tsani da dare ɗaya, dole sai ka yi ta kaiwa nesa mako bayan mako.

An haife ta a Wateringen a Disambar 1991. Kofinta na farko ma a nahiyarmu ta ci shi, a birnin Fes na Maroko a 2012, daga wasannin share fage ta taso. Daga nan aka ji ta tsit kusan shekara huɗu. Cikin waɗannan shekarun ne aka gano wani ƙullutu a maƙogwaronta, ta yi kusan shekara tana fargabar ko ciwon daji ne, barci ya ƙaurace mata, sai a 2015 aka tabbatar mata ba shi ba ne. Duk wanda ya taɓa zaman jiran sakamakon asibiti ya san ba a buga ƙwallo da irin wannan nauyi a ƙirji.

Ni a 2016 na fara lura da ita. Ta ci kofin Nuremberg a Jamus, nan ma daga share fage, ta wuce Faris tana ta 58 a duniya. A zagayen farko na Roland Garros, babbar gasar da ake yi a Faris kan filin jar ƙasa, aka haɗa ta da Angelique Kerber, wadda ta ci gasar Ostireliya a farkon shekarar. Na ce wa abokin bugawata yarinyar nan ta zo yawon buɗe ido ne. Ta fitar da Kerber, ta bi ta kan Kasatkina da Madison Keys da Bacsinszky, sai ga ta gaban Serena Williams a wasan kusa da na ƙarshe, da ciwo a sha-raɓarta. Ta sha kashi 7-6, 6-4, amma a turmin farko, wato abin da muke kira set, sau biyu tana samun damar rufe shi. Rabon da wata 'yar Holan ta kai wannan mataki tun Betty Stöve a 1977.

Wasanta ba na burge ido ba ne, shi ya sa masu kallon gutsattsarin bidiyo ba sa gane ta. Doguwa ce, mita 1.82, sabis ɗinta, wato bugun fara wasa, na da nauyi, kuma tana murza ƙwallo da hannun dama ta yadda in ya faɗi a jar ƙasa sai ya yi tsalle ya kai wa abokiyar karawa kafaɗa. Wanda bai taɓa tarar ƙwallo a saitin kafaɗa na awa biyu ba, ba zai san azabar ba. Ni kam na sani, akwai wani dattijo a kulob ɗinmu da haka yake mini, in na koma gida ko buta ba na iya ɗagawa da hannun. Sannan ta iya sulɓi a jar ƙasa, tana dawo da ƙwallon da ka ɗauka ya riga ya mutu.

Maganar zuciya kuwa, ita da bakinta ta sha faɗa cewa a ƙarshen 2017 ta yi tunanin barin wasan gaba ɗaya, domin ko ta ci ba ta jin daɗi, sai dai tsoron wasa na gaba. A shekarar nan fa ta ci kofi biyu, Nuremberg da Gstaad, ta kuma kai wasan ƙarshe na gasar rufe shekara a wasan bibbiyu ita da Johanna Larsson 'yar Suwidin. Na san wannan ciwo a ɗan ƙaramin matakina. Akwai shekarar da na kai wasan ƙarshe na gasar kulob, na kwana ban runtsa ba, da na tashi yin sabis hannuna na rawa kamar mai zazzaɓi. Kofin roba ake magana a kai, ba kuɗi ba kyamara. To ina ga wadda ƙasa guda ta zuba wa ido?

Ita da kocinta Raemon Sluiter suka sake lale, sai ga wata Bertens daban a 2018. Ta ci Charleston, ta kai wasan ƙarshe a Madrid inda Petra Kvitova ta doke ta. A Wimbledon, kan ciyawar da ake cewa ba ta iya ba, ta fitar da Venus Williams da Karolina Pliskova ta kai zagayen 'yan takwas. Wasan da ya fi tsaya mini a rai shi ne na ƙarshe a Cincinnati da Simona Halep, ta 1 a duniya a lokacin. An ci Bertens turmin farko 6-2, a na biyu Halep ta zo saura maki ɗaya ta ɗauki kofi. Har na miƙe zan kashe talabijin. Bertens ta kuɓutar da makin, ta ƙwace turmin, ta cinye na uku 6-2. A filin daɓe fa, ba a jar ƙasar da ta fi ƙwarewa ba.

Madrid ta 2019 ce ƙololuwa. Ba ta rasa turmi ko ɗaya ba a gasar duka, kuma cikin waɗanda ta taka akwai Ostapenko da Kvitova da Sloane Stephens da Halep, kowaccensu ta taɓa cin babbar gasa. Madrid na kan tudu, iskarta ba ta da kauri, ƙwallo na gudu, hakan ya yi wa sabis ɗinta daidai. Cikin azumi aka buga wasan ƙarshen, muna kallo muna duban agogon shan ruwa, ta ci 6-4, 6-4. Ranar 13 ga Mayu ta zama ta 4, ta wuce Stöve da ta tsaya a ta 5. Ka ce mini wannan sa'a ce?

Inda nake ba ka gaskiya shi ne a manyan gasa ba ta cika alƙawari ba. Bayan Madrid kowa na lissafa ta cikin masu ɗaukar Roland Garros, sai ciwon ciki ya kwantar da ita, ta fice a tsakiyar wasan zagaye na biyu. Makonni kaɗan bayan haka, a gida Holan, a wasan ƙarshe na Rosmalen, ta ci Alison Riske 6-0 a turmin farko, ta samu damar ɗaukar kofi har sau biyar, ta zubar da su duka. Ranar na ga tsohon tsoron nan bai tafi gaba ɗaya ba, lafawa ya yi.

Barinta da wuri kuwa agara ce. A Roland Garros na 2020 a keken guragu aka fitar da ita bayan ta doke Sara Errani, jijiyoyinta duk sun ɗaure. Ƙarshen shekarar aka yi mata tiyata a agarar ƙafa, kuma da ta dawo gudun nan da sulɓin da wasanta ya dogara a kansu babu su. Ta yi aure tun 2019, tana son zaman iyali. Ta buga Olamfik na Tokyo a 2021, Marketa Vondrousova ta fitar da ita a zagayen farko, ta tafi da kofi 10 na wasan ɗaiɗai da 10 na bibbiyu.

In kana da data, nemi cikakken wasan Cincinnati ɗin nan, kada ka tsaya a taƙaitaccen. Ka fara daga tsakiyar turmi na biyu, ka dubi ƙafafunta maimakon raket ɗin, in ka gama ka dawo mu ƙarasa gardamar.