Amsa: Gaggauta shirya tankin ruwan gishiri don renon murjani

Ɗan uwa, ka ce ka haɗa sabon tanki a Birnin Kebbi kana so ka zuba gutsattsarin murjani cikin sati ɗaya. To a hankali dai, abin da ake jira bakteriya ne su zauna su riƙa mayar da amoniya (gubar da dattin tanki ke haifarwa) zuwa naitirait, wanda shi ma guba ne, daga nan zuwa naitiret mai ƙarancin illa, in ka bar shi da kansa sati 4 zuwa 6 yake ci. Gajeriyar hanya ita ce ka samo dutse ko soson tacewa daga tankin wani da ya daɗe yana aiki, ka kawo shi a jiƙe kar ya bushe a mota, ko ka sa bakteriyar da ake sayarwa a kwalba. Sai ka ɗiga amoniya kusan 2 ppm (kashi 2 cikin miliyan na ruwan) ka riƙa gwadawa kullum, ranar da ka ga amoniya da naitirait sun koma 0 cikin awa 24 to an gama.

Gishirin girki kam kar ma ka soma, na tanki ake sa wa, ma'aunin gishirin ruwan ya tsaya 1.025, ruwan kuma na RO (wanda na'urar tacewa ta cire wa ma'adinai), na burtsatse gansakuka zai cika ma.

Ni wallahi zafinmu ya fi damuna. Murjani digiri 25 zuwa 26 na Salshiyas yake so, mu kuwa a Afrilu muna haura 40, ga ɗauke wuta, famfo ya tsaya bakteriyar su shaƙe. Nawa na farko haka ya lalace kafin na sa sola da fanka a saman ruwa. In ruwa ya ragu ka cike da marar gishiri. Fara da murjani mai laushi tukuna.