Hasken da Ke Ƙyaftawa da Dare da Allunan Talla na Lantarki: Amsoshin Likita

Tambaya: Likita, da dare ina hango wani jan haske can nesa, yana kawowa yana ɗaukewa, wani lokaci ma sai in ga kamar yana tafiya. Idona ne ya samu matsala?

Amsa: Malam, fara da gano ko hasken a waje yake ko a cikin idonka. Kira wani ya duba, ko ka ɗauka da waya. In ya fito a hoton, idonka lafiya lau. Galibi fitilun gargaɗi ne da ake ɗorawa a kan dogayen ƙarafunan sadarwa da hasumiyoyi don matuƙan jirgin sama. Duhu ya ɓoye ƙarfen, sai fitilar ta zama kamar a rataye take a sama. Tafiyar da ka ga tana yi ma sananniya ce: idan mutum ya ƙura wa ɗigon haske ido cikin duhu, babu wani abu kusa da zai gwada shi da shi, ƙwaƙwalwa kan nuna masa yana motsi alhali yana nan a tsaye.

Wanda nake tsoro shi ne hasken da kai kaɗai ke gani, ko da ka rufe ido. Walƙiya a gefen ido ɗaya, tare da baƙaƙen ɗige-ɗige da suka ƙaru farat ɗaya, ko wata inuwa da ke saukowa ta rufe wani ɓangare na gani, na iya nufin tantanin bayan ido ya yage ko yana ɓanɓarewa. Wannan ba a kwana da shi, a ranar ake ganin likitan ido. An fi samunsa ga waɗanda suka haura 50, da masu sa tabarau don ganin nesa, da wanda ya bugu a ido. Idan kuwa layuka ne masu zigizagi da sheƙi a idanu biyu, su yi minti 5 zuwa 60 su wuce, ciwon kai ya biyo baya, ya fi kama da ciwon ɓarin kai. In karon farko ne, a je a duba duk da haka.

Tambaya: Ɗana yana da farfaɗiya. Allunan talla masu sauya hoto za su iya tayar masa da ita?

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Kimanin kashi 3 cikin 100 ne kawai na masu farfaɗiya haske ke tayar musu da ita, kuma an fi gani ga yara da matasa. Hasken da ke ƙyaftawa sau 3 zuwa 30 a daƙiƙa ɗaya shi ne mai haɗarin. A watan Disamban 1997 wani fim ɗin zane na yara a talabijin ɗin Japan ya nuna ja da shuɗi suna musanya da sauri, aka kai yara sama da 600 asibiti. Allon da ke sauya hoto bayan 'yan daƙiƙoƙi bai kai wannan saurin ba, sai dai mai bidiyo ko wanda ya lalace yana ɓari. Gwajin aikin ƙwaƙwalwa na EEG da ake haɗawa da walƙiyar fitila zai nuna ko ɗanki na cikin waɗanda haske ke tayar musu da ita. Ki koya masa ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ya kau da kai. Runtse idanu biyu bai isa ba, domin hasken na ratsa fatar ido.

Tambaya: Ni direba ne, shekarata 58. In na wuce allon talla mai haske da dare sai hanya ta yi mini duhu.

Amsa: Malam direba, abu biyu ne suka haɗu maka. Na farkon ya shafi shekaru: haske mai ƙarfi na tsuke ƙwayar ido, kuma kafin ido ya sake sabawa da duhu sai an ɗauki lokaci, wanda ke ƙaruwa da shekaru. Yanar ido kuma, tun tana farawa, tana warwatsa haske, har ka ga kowace fitila da zobe kewaye da ita. Je a auna idonka, musamman in kana da ciwon suga.

Na biyun bai shafi shekaru ba. An ƙera allunan ne don su fizgi ido, kuma ido ba ya iya ƙyale abin da ya motsa a gefensa. Wani bincike da aka fitar a Amurka a 2006 ya nuna kau da ido daga hanya fiye da daƙiƙa biyu na ninka haɗarin yin karo. A gudun kilomita 100 cikin awa, daƙiƙa biyu mita 56 ne ka ci ba ka ga gabanka ba. Birnin Sao Paulo na Brazil ya cire allunan talla daga titunansa a 2007. Ni a ganina, allo mai bidiyo bai da gurbi a bakin babbar hanya, kuma hana shi aikin hukuma ne. Naka shi ne ka rage gudu tun daga nesa, ka bi layin gefen hanya da ido, ka goge gilashin gaba ciki da waje, kada kuma ka sa baƙin tabarau da dare.