Suna kaɗai ba ya ba ɗan wasa aikin koci a waje

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ɗan ƙwallon kwando da ya yi suna zai iya ajiye wasa yau, gobe a ba shi aikin koci a wata ƙasa. Gaskiya da wuya, sai in ƙasar ta riga ta san shi. Dubi Stephon Marbury. Ya buga NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, daga 1996 zuwa 2009, amma ba wannan ne ya sa aka damƙa masa ƙungiya a China ba. A 2010 ya koma can da wasa, ya ci kofin CBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta China, sau uku da Beijing Ducks, a 2012 da 2014 da 2015, har aka kafa masa mutum-mutumi a birnin. Ya ajiye wasa a 2018, sai a 2019 ya zama babban kocin Beijing Royal Fighters.

Sharaɗin da na fi gani a harkar nan shi ne zama da mutane. Koci aikinsa magana ne, kuma hutun minti ɗaya da koci ke nema a tsakiyar wasa ba ya isa a tsaya jiran tafinta ya gyara abin da ba a fahimta ba. Marbury ya shekara takwas yana goga kafaɗa da 'yan wasan ƙasar, ya san halinsu da yadda alƙalan wasansu ke hura usur. In wanda kake tambaya a kansa bai taɓa zama a ƙasar da yake neman aikin ba, ya nemi aikin mataimakin koci tukuna, ko da albashin bai taka kara ya karya ba.