Kwamfutata ta ƙi tashi, mai gyara ya ce sai fomat

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe, ina zaune a Pantami, cikin Gombe. Jiya da asuba na kunna laftof ɗina, HP ce 'yar Beljiyam, sai ga baƙin allo da rubutun "Boot Device Not Found", da 3F0 a ƙasa. Furojet ɗina babi huɗu yana ciki, ban ajiye shi ko'ina ba. Mai gyara ya ce Windows ce ta mutu, sai an yi fomat, wato a share komai a ɗora sabuwa. Don Allah aikina ya tafi ke nan?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, in kwamfutar tana shagonsa, ki je ki karɓo ta yau. Wannan rubutun bai ce aikinki ya goge ba. Cewa ya yi kwamfutar ta nemi rumbun (hard disk, ma'ajiyar Windows da fayilolinki) da za ta tashi daga gare shi ba ta samu ba.

Fara da mai sauƙi. Zare duk filashi da katin memori, ki danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 15, ki sake kunnawa. In ta ƙi, ki riƙa danna F10 tana kunnuwa don shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi. Masu Dell F2 za su danna.

A ciki ki dubi kwanan wata. In ya koma shekarun baya, ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, galibi CR2032, ya mutu, saitin ya koma na kamfani. Wasu 'yan Beljiyam a tsohon tsarin tashi mai suna Legacy aka ɗora musu Windows, to da saitin ya koma sabon tsarin, UEFI, sai kwamfutar ta kasa tashi daga rumbun. Ki sauya tsakanin biyun ki gwada, sannan ki tabbata rumbun ne farko a jerin abin da take tashi da shi. HP kuma tana da gwajin rumbu idan kika danna F2 tana kunnuwa, ki yi shi. In gwajin ya ce babu rumbu sam, mai yiwuwa girgizar Keke Napep ce ta kwance shi daga mazauninsa, a buɗe a mayar kawai.

Yanzu maganar fomat ɗin nan, wadda ta ishe ni. Kusan kullum sai an kawo mini kwamfutar da aka riga aka yi wa aika-aika, mai ita na hawaye. Yaro ya yi wata uku a shago, abin da ya iya ɗaya ne, ya soka filashin Windows ya yi ta danna gaba-gaba. Sauti ya ɗauke, fomat. Kwamfuta na nauyi, fomat. Fisabilillahi, don makulli ya ɓata sai a rushe ɗaki? Tambayi mai gyaran naki ko ya shiga BIOS, za ki ga ya fara kame-kame. In rumbun ya kwance ne, ai ko fomat ɗin ba zai yiwu ba, tunda ba a ganinsa. In kuwa ana ganinsa, to galibi fayilolinki suna nan ke nan, kuma su zai share.

Kada ki yarda da "za mu dawo miki da su daga baya". Sabuwar Windows kan tsohon aikinki take kwanciya. In rumbun SSD ne ma, wato sabon samfurin da ba shi da faifai mai juyawa, abin ya fi muni, domin akwai tsarin TRIM da ke share gurbin abin da aka goge, kuma da wuya wata manhaja ta dawo da shi. Ko da gaske fayilolin tashin Windows ne suka lalace, a cikin filashin nan nasa akwai wurin gyaran tashi da ba ya goge komai. Bai sani ba ne, ko kuma sauri yake yi ya karɓi kuɗinsa.

Abin da za a yi shi ne a ciro rumbun, a sa shi a akwatin USB, a jona da wata kwamfutar, a kwashe furojet ɗin a gaban idonki. In ya nemi makullin BitLocker, tsarin da Windows ke kulle rumbu da shi, lambobi 48 ne, ki duba asusunki na Microsoft.

Sai dai ki kasa kunne. In kin ji rumbun yana ƙas-ƙas-ƙas, kashe kwamfutar nan take, don kowace kunnawa ƙara karce shi take yi. Kada a bubbuga shi, kada a sa shi a firji kamar yadda wasu ke faɗa, raɓa ce za ta shige shi. Wannan aikin masu ceto bayanai ne.

Ki turo mini abin da gwajin F2 ya nuna, da hoton shafin BIOS ɗin. Allah Ya sa a dace.