Wayar wuta a kan dala 11: ka ɗora ta a sikeli kafin ka biya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon kayan lantarki a kasuwar Sabon Gari, Kano. Shekara tara ke nan ina sarin kaya a hannun manyan dillalan Legas. Ɗan wana ya gama karatu a Chaina, yanzu yana Gwanzu yana haɗa wa mutane kaya. Ya samo mini kamfanin da zai ba ni naɗin waya 2.5 (lambar kaurin ƙarfen da ke cikinta ke nan), mita 100, a kan dala 11, ga kuma ikstanshan da soket masu rahusa. Na sayar da filina na haɗa da jarin shago, zan ɗauko naɗi 3,000 a kwantena ɗaya, kuma lissafina ya nuna zan ninka kuɗina cikin wata huɗu. Abin da ya rage takardar SONCAP ce, wato shaidar ingancin kaya da ake nema kafin a shigo da su Najeriya. Yaron ya ce kai kaya gwaji ɓata lokaci ne da kuɗi, akwai wanda zai fito mana da takardar cikin kwana biyu ba tare da an taɓa kayan ba. In karɓa, ko akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi? Daga wani mai shago, Sabon Gari.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. A kan takarda ka tambaye ni, amma tun da na karanta wasiƙarka dala 11 ɗin nan ce ta tsaya mini a rai. Bari mu fara da ita. In ka gane ta, da kanka za ka yanke wa maganar takardar hukunci.

Ɗauko biro. Waya 2.5, idan ta cika mita 100 kuma jan ƙarfe ne zalla a cikinta, nauyin ƙarfen kaɗai ya kai wajen kilo 2.2, ban da robar da aka lulluɓe shi da ita. Shi kuwa jan ƙarfe farashinsa ɗaya ne a duniya. A kasuwar ƙarafa ta Landan ake yanka shi, kuma da shi mai kamfani a Gwanzu da mai kamfani a Nnewi suke saye. Tun daga 2024 kilo ɗaya bai sauko ƙasa da dala 8 ba, sau da yawa ma ya haura 9. Ke nan ko a farashi mafi ƙasa, ƙarfen da ya kamata a samu a naɗi ɗaya ya tasam ma dala 18, kafin a sa kuɗin roba, da wuta, da albashin ma'aikata, da ribar mai kamfani. To, Alhaji, ta ina dala 11 za ta fito? Wa ka taɓa gani ya sayi tiyar hatsi a kan 18 ya sayar maka da garinsa a kan 11 don yana ƙaunarka?

Ruwa ba ya tsami banza. Ko dai alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a baya, ko kaurin bai kai 2.5 ba an dai buga hakan a jikin roba, ko kuma mita 100 ɗin ta koma 80. Yawanci ma duka ukun ake haɗawa a naɗi ɗaya. Kai da ka shekara tara a wannan sana'a ka san gwajin da masu wayarin suke yi a bakin shago: a fere robar, a sa reza a kankare silin wayar, in ja ya tashi fari ya bayyana a ƙasa an gama magana. Ko a kunna mata ashana, ta gaskiya ta yi ja ta tsaya yadda take, ta algus ta lanƙwashe ta zube. Ka taɓa yi wa wannan wayar haka? Wasiƙarka ba ta nuna ko taƙi ɗaya nata ya taɓa shiga hannunka ba. Hoto ka gani a WhatsApp, ka sayar da fili.

Kada ka ɗauka maganar rashin ƙarko ce kawai. Alminiyam ba ya iya ɗaukar wutar da jan ƙarfe mai kaurinsa zai ɗauka. Idan aka ɗora masa nauyin da aka rubuta a jiki sai ya yi zafi, ya saki a wurin ɗauri, ya fara tartsatsi. Kuma a ina? A cikin bango, ko a saman silin, inda mai gida ba ya gani sai hayaƙi ya turnuƙe. Ikstanshan ma haka. An rubuta masa 13A, wato zai ɗauki wajen wat 3,000, matar gida ta yarda da rubutun ta jona hita da asuba don yara su yi wankan makaranta, ta koma ɗaki. Cikinsa kuwa silin waya ne kamar gashi. Kai ɗan Sabon Gari ne, ba sai na ba ka labarin abin da wuta take yi wa kasuwa ba, ka ga gobarar 2016 da ta lashe dubban shaguna, ka san mutanen da har yau ba su miƙe ba.

Yanzu ga kuskurenka na gaskiya, kuma guda ɗaya ne: ka miƙa wa ɗan wanka aikin da ba nasa ba, don kawai jininka ne. Ban ce yaron maha'inci ne ba. Mai yiwuwa har zuciyarsa yana ganin alheri yake maka. Amma me ya sani? Ya iya yaren mutanen, ya san hanyar kasuwa, ya san inda ake cin abincin halal. Waya fa? Ya taɓa ja wa ɗaki ɗaya wuta? Wanda ya kira gwaji ɓata lokaci ya riga ya gaya maka bai san abin da ake gwadawa ba. Sannan ka tambaye shi a fili, ba tare da jin nauyi ba, nawa kamfanin yake ba shi kamasho. Yawancin masu haɗa kaya a can daga ɓangaren kamfani suke samun nasu, kuma da zarar kwantena ta hau ruwa shi ya gama cin ribarsa. Kai kuwa sunanka ne a kan Form M, takardar shigo da kaya da ake buɗewa ta banki, sunanka ne a kan takardun kwastam, shagonka ne a jikin rasit. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ɗora alhakin ɓarnar da kaya mara kyau ya yi a kan wanda ya sayar da shi. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, shi kuwa yaro yana Gwanzu.

Na taɓa zama da wani ɗan kasuwa da irin wannan ta faru da shi, shi ƙanin matarsa ne ya haɗa masa kayan. Takardar da aka samo masa cikin kwana biyu, da aka zo fitar da kaya a Legas aka nemi lambarta a kwamfuta, babu ita. Kwantena ta zauna a tasha, kuɗin ajiya da na jinkirin mayar da kwantena suna hawa kullum kamar ana zuba ruwa a rariya. Ya ci bashi ya bi ta nan ya bi ta can, daga ƙarshe ya haƙura da kayan gaba ɗaya. Abin da ya fi yi masa ciwo, da bakinsa ya gaya mini, shi ne ranar da aka tara dangi. Dattawa suka ce a yi haƙuri, yaro ne, ƙaddara ce, kada dukiya ta raba zumunci. Da baƙo ne ya yi masa haka da yana da yarjejeniya a rubuce, da yana da inda zai kai ƙara. Da yake ɗan uwa ne ko takarda ɗaya ba su rubuta ba, ya tashi ba kuɗi, kuma zumuncin ma bai tsira ba, shekara biyu matarsa ba ta taka gidansu da daɗin rai ba.

Wani kuma nasa kayan sun fito lafiya, ya yi ta murna. Ya raba wa 'yan sari bashi kamar yadda aka saba. Ba a yi wata uku ba masu wayarin suka gane wayar, labari ya zaga layi. Aka fara dawo masa da kaya a baro, waɗanda ba su dawo da su ba suka riƙe kuɗinsa. Ni ina ganin na farkon ya fi shi sa'a, domin shi wayarsa ba ta shiga bangon kowa ba.

Ita SONCAP ɗin da kake ɗauka takardar wucewa ce a gaban kwastam, ga abin da take nufi. Hukumar SON, mai kula da ingancin kaya a Najeriya, ta fito da tsarin a 2005 domin a gwada kaya tun a ƙasar da aka ƙera su, kafin su hau jirgi. Ana kai samfur ɗakin gwajin da aka amince da shi, a auna kaurin ƙarfe, da yadda yake ɗaukar wuta, da juriyar robar ga zafi. In ya ci, a ba da takardar shaidar kaya, wadda da ita bankinka zai buɗe maka Form M. Lokacin lodi a sake duba kayan, sannan a ba da takardar SONCAP ta wannan lodin, wadda sai da ita kwastam za su fitar maka da PAAR, takardar da suke ƙiyasta harajin kayanka a kai. Kamfanonin da SON ta wakilta su yi wannan aiki sanannu ne, irin su SGS, Intertek, Cotecna, Bureau Veritas da CCIC, kuma suna aiki a Chaina. Duk wanda ya ce zai tsallake maka gwajin ya ba ka takarda, to ko ta jabu ce, ko ta wasu kaya ce aka liƙa wa naka. In ma ta wuce tasha, SON tana bin sito da kasuwanni, tana rufewa, tana kwashewa ta ƙona, kuma dokarta ta 2015 ta ba ta ikon gurfanar da mai kayan. Kada ma ka kawo mini zancen a sauke a Kwatano a biyo ta Maraɗi. Fasa-ƙwauri zai ƙara maka laifi ne a kan laifi, wayar kuma tana nan yadda take.

Ko ta hanyar gaskiya ka bi, akwai tarkon da nake so ka sani. Wasu kamfanonin suna ajiye samfur mai kyau na musamman don ɗakin gwaji, abin da za su loda maka daban. Saboda haka ka rubuta a yarjejeniya, da sa hannu da hatimi: jan ƙarfe zalla, kauri kaza, tsawo kaza, nauyin kowane naɗi kaza. Ka biya kafin alƙalami kashi 30, sauran 70 sai mai dubawa ya zaro naɗi da hannunsa daga cikin tulin da za a loda, ba wanda aka miƙo masa ba. Ko da gwaji da dubawa sun ci maka dala dubu ɗaya ko biyu, a kan kayan dala 33,000 kake magana, da filinka a ciki. Idan kamfanin ya ji waɗannan sharuɗɗa ya ce ai sai dai farashi ya koma ashirin da wani abu, to yanzu ne ya gaya maka gaskiyar abin da ya so ya sayar maka tun farko.

Maganar ninka kuɗi cikin wata huɗu kuwa, Alhaji, ka cire ta daga ranka. Wane ɗan kasuwar waya ka sani da yake ninka jari a wata huɗu da kaya na gaskiya? Dillalan Legas da kake sari a hannunsu sun fi ka jari, sun fi ka sanin Chaina, da akwai wannan garaɓasa da ba su bar maka ita ba. Ribar da ka lissafa kuɗin jan ƙarfen da aka cire ne daga cikin wayar, wanda mai gini zai biya ka yana zaton yana nan. Ka san hadisin da Manzon Allah (SAW) ya cusa hannunsa cikin tulin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da mu. Ja a waje, fari a ciki, ban ga bambanci ba. Kafin yau kana iya cewa ba ka sani ba. Yanzu ka sani.

Da ni ne kai, da zan sake lissafin da farashin waya ta gaskiya, in ɗora kuɗin jirgi, da haraji, da na ejan, da motar da za ta kawo ta Kano, sannan in kwatanta da wayar da ake yi a gida. A wannan fanni kayan Najeriya sun yi suna. Masu wayarin da sunan kamfani suke tambaya, Coleman, Cutix, Nigerchin, kuma kayan gida suna da nasu tsarin gwajin na SON, wato MANCAP. Ba mamaki ka tarar kuɗin filin nan sun fi amfani idan ka nemi zama dillalin ɗaya daga cikinsu kai tsaye, ka tsallake 'yan tsakiyar da kake bi ta hannunsu shekara tara. Ribar ba ta kai ta mafarkinka ba, amma tana juyawa, kuma ba ka jiran jirgi.

Wannan makon kada ka tura ko sisi. Ka ce wa ɗan wanka ya je kamfanin ya sayi naɗi biyu cikakku da ikstanshan uku daga cikin sito, ya aiko maka ta jirgin sama, kai za ka biya. In sun iso ka warware naɗi ɗaya ka auna tsawonsa, ka fere mita goma ka ɗora ƙarfen a sikelin masu gwal ko na masu kayan miya na zamani: ya kamata ka ga wajen giram 220. Ka kwance ikstanshan ɗaya da sukundireba a gaban mai wayarin da ka yarda da shi. Sannan ka sake rubuto mini da abin da sikelin ya nuna, da kuma amsar da yaron ya ba ka a kan kamasho.