Ina son in ƙirƙiri wasan bidiyo nawa, ta ina zan fara?

Ka ce tun kana yaro kake buga wasannin bidiyo, yanzu kuma kana son ka haɗa naka, amma ka rasa ta inda za ka kama.

Ɗan'uwa, da farko ajiye wancan katafaren wasan da ke ranka. Kusan kowa da shi yake farawa, kuma shi ne ke karya gwiwa. Kwaikwayi Pong tukuna, wanda kamfanin Atari ya fitar a 1972: sanduna biyu da ƙwallo ɗaya. Kada ka raina shi. A cikinsa za ka gane yadda kowane wasa ke tafiya: kwamfuta ta karanta maɓallin da aka danna, ta lissafa inda kowane abu ya koma, ta duba ko wani ya ci karo da wani, sannan ta zana hoton. Haka take ta maimaitawa, galibi sau 30 ko 60 a daƙiƙa ɗaya.

Batun manhajar haɗa wasa, ni Godot zan zaɓar maka. Kyauta ce, ba ta da nauyi, kuma yaren da ake rubuta mata umarni da shi, GDScript, ya yi kama da yaren Python. Akwai kuma Unity, ita da yaren C# take aiki, darussanta sun cika YouTube. Unreal kuwa, bar ta sai ka samu kwamfuta mai ƙarfi.

Zane kada ya dame ka yanzu, murabba'ai masu launi sun wadatar. Eric Barone shi kaɗai ya haɗa Stardew Valley, har da kiɗan, amma fa ya kwashe sama da shekara huɗu kafin wasan ya fito a 2016.

In ka gama, ɗora shi a itch.io, shafin intanet da masu haɗa wasanni ke ɗora nasu. Sannan ka ba wani ya buga a gabanka, kai kuma kada ka ce uffan. Duk inda ka ga ya rikice, rubuta, gobe ka gyara.